Kuɗin Ƙofa da Tattalin Arzikin Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A gargajiyar Bahaushe, wasanni irin su dambe da kokawa ana yin su ne da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, a fili buɗaɗɗe wanda ba shi da shinge balle ƙofa. Mai gari ko wani mai hali shi ke saukar da baƙin 'yan wasa, 'yan kallo kuma su yi wa makaɗa da jarumai kari gwargwadon ƙarfinsu. Da zamani ya zo, sai aka kewaye filin wasa, aka sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Daga nan ne harshen Hausa ya samu kalmomi irin su "kuɗin ƙofa" da "tikiti" da "kulob". Wannan babi zai yi bayani a kan yadda ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na ƙwararru suke samun kuɗi da yadda suke kashe su, da kuma matsayin abin da ɗan kallo yake biya a cikin wannan lissafi. Za a ɗauki ƙungiyoyin Katsina United da Kano Pillars a matsayin misali.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An fara gasar ƙwararru ta Nijeriya a shekarar 1990, wato shekarar da aka kafa Kano Pillars. Ƙungiyar ta lashe gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009. Ita kuwa Katsina United an kafa ta a 1994, kuma ta buga wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997. Gidanta shi ne filin wasa na Muhammadu Dikko, wanda a da ake kira Karkanda, aka buɗe shi a 2013. Duka ƙungiyoyin biyu sun faɗo daga babbar gasa a 2022, suka dawo a 2023. Abin lura a nan shi ne, dukkansu mallakar gwamnatocin jihohinsu ne, kamar yadda mafi yawan ƙungiyoyin ƙasar nan suke.

3.0 Hanyoyin Samun Kuɗi

Ƙungiyar ƙwararru a ko'ina cikin duniya tana da manyan hanyoyin samun kuɗi guda biyar: kuɗin ƙofa, da kuɗin nuna wasa a talabijin, da tallan kamfanoni, da cinikin 'yan wasa, da kuma ladan cin gasa. A Ingila, kuɗin talabijin ne ke kan gaba, har ya zama wasu ƙungiyoyin kuɗin ƙofa ɗan ƙaramin kaso ne na abin da suke samu. A Nijeriya kuwa wannan hanya ba ta daɗe a buɗe ba tare da ta toshe ba. Kamfanin SuperSport ya daina nuna gasar a 2017, sai a 2023 aka ƙulla wata yarjejeniya da StarTimes. Ladan cin gasa ya ƙaru, domin Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 a 2023, Rangers ta Inugu miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025. Sai dai ƙungiya ɗaya tak ke samun wannan lada daga cikin ashirin.

Saboda haka sai wata hanya ta shida ta shafe sauran, wato kason da gwamnatin jiha ke warewa daga baitulmali. A taƙaice, gwamna ya gaji matsayin mai garin da ke saukar da 'yan dambe.

4.0 Inda Kuɗin Suke Tafiya

Babban abin da ke cin kuɗin ƙungiya shi ne albashin 'yan wasa da masu horarwa, sai kuɗin sa hannu da alawus na wasa. Bayan wannan sai tafiye-tafiye. Kowace ƙungiya tana buga wasa 38 a kaka guda, 19 a gida, 19 a waje. Tafiya daga Katsina zuwa Fatakwal ko Aba a mota tana cin fiye da yini guda, ga man fetur, ga masauki, ga abincin mutum kusan talatin. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ƙara wa wannan nauyi.

Domin ɗalibi ya ga girman giɓin, bari mu yi lissafi da alƙaluma na misali. A ce mutum 5,000 suka biya naira 500 kowannensu a kowane wasan gida. An tara naira miliyan 2.5 ke nan, a wasa 19 kuma miliyan 47.5. A ce kuma ƙungiyar tana da 'yan wasa 35, kowane yana ɗaukar naira 300,000 a wata. Albashinsu kaɗai a shekara ya kama miliyan 126. Ke nan kuɗin ƙofa bai kai rabin albashi ba, tun ba a taɓa maganar mota da masauki da magani ba. Haka kuma ba duk wanda ya shiga fili ne ya biya ba. Akwai masu shiga da alfarma, akwai masu haurawa ta katanga, akwai kuma ranakun da wani mai muƙami ko ɗan siyasa zai sa a buɗe ƙofa kyauta.

Wata ɓarakar ita ce tara. A watan Afrilu na 2022, bayan hatsaniyar da ta ɓarke a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a wasan Kano Pillars da Katsina United, hukumar gasar ta ci Kano Pillars tarar naira miliyan 9, ta kuma mayar da wasanninta na gida Abuja. Hasarar ta zama biyu: ga tara, ga rashin kuɗin ƙofa. Wato ɗan kallon da ya yi jifa, aljihun ƙungiyarsa ya jefa.

5.0 Farashin Tikiti da Aljihun Ɗan Kallo

Tambayar da ke tasowa ita ce, me zai hana a ƙara kuɗin tikiti? Amsar tana ga halin da ɗan kallo yake ciki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin masu cika fili matasa ne 'yan ƙwadago da masu ƙananan sana'o'i.

Ga mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, tikitin ma shi ne mafi sauƙi daga cikin abin da zai kashe. Matashin Ƙanƙara da ke son kallon Katsina United sai ya biya kuɗin mota ta 'Yantumaki da Dutsin-ma zuwa Katsina. Wasa kuwa da la'asar ake yi, kafin a tashi magariba ta gabato, kuma matsalar 'yan bindiga da yankin ya sha fama da ita ta sa tafiyar dare ta zama kasada. Dole ya nemi wurin kwana. Na Sabuwa da Faskari tafiyarsu ta fi haka nisa. A ɗaya gefen kuma, ga gidan kallo a bakin kasuwa, inda da kuɗi kaɗan zai ga Arsenal ko Barcelona yana zaune kan benci. Wannan ne ya sa yaro zai lissafo 'yan wasan Chelsea ba tuntuɓe, amma ya kasa ambaton uku daga ƙungiyar jiharsa. Abin da ya kamata a yi tunani a kai shi ne, kason da gwamnati ke bai wa ƙungiyar dukiyar jama'ar jihar ce baki ɗaya, har da mutumin Sabuwa da bai taɓa taka filin ba, kuma daga baitulmalin da ake gina ajujuwa ake fitar da shi.

6.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Rikicin kuɗi a wasanni bai tsaya ga Nijeriya ba. A gasar hoki ta NHL, wadda ake bugawa a kan daskararriyar ƙanƙara a Kanada da Amurka, ƙungiyoyi sun dogara ƙwarai ga kuɗin ƙofa. Hauhawar albashi da faɗuwar darajar dalar Kanada sun sa ƙungiyar birnin Winnipeg ta yi ƙaura zuwa Amurka a 1996. Daga baya saɓani kan albashi ya sa aka soke kakar 2004/2005 ɗungurungum, sannan aka amince da ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan 'yan wasa daidai da abin da gasar ta samu. A Ingila kuwa, a watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga fili a minti na 77 domin ƙin amincewa da tikitin fam 77, kuma cikin 'yan kwanaki masu ƙungiyar suka janye ƙarin. A shekarar ce aka ƙayyade tikitin baƙi a fam 30.

Waɗannan misalai suna nuna cewa inda ɗan kallo yake biya, muryarsa tana da nauyi. Inda gwamnati ke biyan komai kuwa, Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Shugabannin ƙungiya sukan sauya da sauyin gwamnati, albashi kuma yakan makale idan kason jiha ya yi jinkiri. Nasarar Remo Stars a 2025, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta nuna cewa ƙungiya mai zaman kanta tana iya cin gasar.

7.0 Kammalawa

An ga cewa arahar tikiti ba ta nufin wasan ba shi da tsada. Wani ne ke biya a madadin ɗan kallo. Gyara yana buƙatar farashin da talaka zai iya biya, da tabbatar da cewa kowa ya biya, da tsaro a fili da kan hanya, da kuma bayyana wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Malamin Hausa zai iya amfani da wannan batu wajen koyar da muhawara da rubutun bayani da kalmomin aro, ya kuma cusa wa ɗalibansa ladabin kallo tun daga wasannin makaranta.

Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi biyar da ƙungiyar ƙwararru ke samun kuɗi, ka bayyana wadda ta fi rauni a Nijeriya.
2. Kwatanta ɗaukar nauyin dambe a gargajiyance da na ƙwallon ƙafa a yau.
3. Tsara muhawara ga ɗaliban ƙaramar sakandare a kan taken: "Bai dace gwamnati ta ci gaba da ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallo ba."