Zaman Kiɗan Gurmi a Ƙasar Haɗeja

Zaman gurmi ƙaramin taro ne na dare, inda makaɗi ɗaya ke zama a kan tabarma da kayan kiɗansa, masu sauraro su kewaye shi har gwiwa na gugar gwiwa. Ba a kafa dandamali, ba a karɓar kuɗin shiga. A Kafin Hausa da Bulangu da Auyo da ƙauyukan da ke bin gaɓar kogin Haɗeja, irin wannan zama ya daɗe yana raya dare, musamman daga kaka zuwa tsakiyar rani, sa'ad da gero da dawa suka shiga rumbu, shinkafar fadama ta iso gida, masunta kuma suka sami abin hannu bayan ruwa ya ja baya. Da damina ba safai ake yin sa ba, domin wanda ya wuni a gona barci yake nema.

Shi gurmi rabin ƙwarya ne da aka rufe da fata, aka soka masa doguwar sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu ko uku, ana kaɗa shi da yatsu. Danginsa su ne garayar mafarauta da kuntigin da Ɗanmaraya Jos ya yi suna da shi. Sautinsa bai kai na kalangu ko ganga nisa ba, wannan ne ya sa taronsa ba ya son yawa. Wanda ya zauna nesa ya yi asarar rabin zancen. A da an fi sanin gurmi a fagen kokawa, wajen zuga 'yan wasa. Alhaji Haruna Uji, ɗan Haɗeja, na cikin waɗanda suka ɗaukaka shi, ya shigar da shi waƙoƙin soyayya da na zaman duniya, har rediyo da kaset suka kai muryarsa ko'ina a ƙasar Hausa. Har gobe mutanen masarautar Haɗeja suna alfahari da shi, kuma duk yaron da ya ɗauki gurmi da ma'aunin Uji ake auna hannunsa.

Dalilan zama ba su da yawa: daren biki, ko suna, ko dawowar 'yan ci-rani, ko ajo, wanda ake raba goron gayyata don a taru a tallafa wa makaɗin ko wani mai buƙata. Wurin kuwa ƙofar gidan mai biki ne, ko zaure mai faɗi, ko gefen dandali. Bayan sallar isha'i a share wuri, a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarmi, a rataye fitila. Mai shayi da mai tsire ba sa jiran gayyata. Matan aure na sauraro daga bayan zana ko katanga, in waƙa ta yi musu daɗi su aiko yaro da kyauta.

Makaɗi ba ya faɗawa waƙa kai tsaye. Sai ya ɗauki lokaci yana gyaran tsirkiya, ya ja, ya sassauta, ya kara kunne. In sanyin hunturu ya sa fatar ta saki, a ɗan kara ta kusa da wuta har ta ɗaure. Masu sanin abin ba sa gajiya da wannan jira, domin a nan ake gane ko hannun ya nuna. Surutu na raguwa da kansa ba tare da an tsawata wa kowa ba. Daga nan sai ya buɗe da sunan Allah da salati ga Annabi, ya gai da mai gida, ya gai da dattawan da ke wurin, kowa da sunan mahaifinsa da na garinsu. Tsallake babba a wannan gaisuwa abin kunya ne da ake daɗewa ana tunawa.

Daɗin zaman yana tsakiyarsa. Mai gurmi shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, sau da yawa ba shi da 'yan amshi, gurmin ne ke amsa masa tsakanin baiti da baiti. Waƙar da aka ji jiya ba ita za a ji yau ba, ko da amshinta ɗaya ne, saboda yana ɗinka ta ne da fuskokin da ke gabansa. Ya hango masunci ya sako zancen koma da kwalekwale, ya ga direba ya bi da shi tasha-tasha daga Haɗeja zuwa Kano, ya ga saurayin da aka hana wa budurwa ya taɓo masa inda ke ciwo ba tare da ya kama suna ba. Wanda aka ambata yakan miƙe ya liƙa masa kuɗi a goshi, ko ya ajiye a gabansa, maroƙi ya ɗaga murya ya shelanta abin da aka bayar.

Akwai al'adar tsayar da kiɗa: mutum ya ba da kuɗi a katse waƙar da ake yi a koma tasa, wani kuma ya ƙara a kai a mayar da ita. Ra'ayi ya rabu a kan wannan. Wasu na ganin karramawa ce ga makaɗi, hanya ce ta cika masa aljihu cikin mutunci. Wasu na cewa gasa ce ta nuna isa, tana yanka waƙa tun ba ta nuna ba, tana kuma jawo habaici ya zama gaba. Gwanin makaɗi shi ne wanda ya iya sallamar ɓangarorin biyu kowa ya tashi da fara'a. Idan dare ya raba, sai ya rufe da godiya da addu'a, yaronsa ya tattara kuɗi, ya saɓa gurmi.

Yanzu wannan zama ya yi ƙaranci. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗeja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin hannun masunta da manoman da ke ɗaukar nauyin makaɗa ya taɓu. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Jigawa a shekarar 2000 an ƙara sa ido a kan tarukan dare. Sannan ga lasifika da janareta da waƙoƙin sutudiyo, waɗanda suka fi sauƙin haya, suka kuma fi jan matasa. Lasifika ba ta san wanda ya zauna a gabanta ba, ba ta gai da kowa da sunan ubansa. Waƙoƙin tsofaffin makaɗa suna nan a wayoyin hannu ana tura wa juna, amma sana'ar kanta a gefen tabarma ake koyon ta, yaro na riƙe wa maigidansa gurmi shekara da shekaru kafin a bar shi ya kaɗa a gaban jama'a. Yaran da ke da wannan haƙuri sun ragu, kuma galibin masu gurmin da ake iya gayyata a yau a ƙauyuka suke, shekaru kuma sun fara ja musu.