Ƙera Wuƙa a Gida: Daga Tsohon Sifirin Zuwa Kube

Da Babbar Sallah ta ƙarato, maƙeran Gwarzo da Kabo ba sa samun sukuni, domin kowane magidanci na neman wuƙar yanka ragon layya. Sana'ar ta daɗe a ƙasar Kano: tun wajen ƙarni na 7 ake narka tama a Dutsen Dala. Yau tsohon sifirin mota ya maye gurbin tama, shi ya sa mai sha'awa kan iya gwadawa a gida.

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, awartaki, magagari, zugazugi, sai guntun ƙarfe mai kauri a madadin uwar maƙera. Gawayin ƙirya maƙera suka fi so, saboda ƙarfin wutarsa.

Ana gasa ƙarfen sifirin har ya yi jajawur, a bubbuge shi ya yi faɗi, a fitar da baki da magagari. Sai a sake gasawa, a tsoma shi cikin mai. A nan ya yi tauri, amma yana da saurin karyewa, don haka ake ɗan ɗumama shi har ya ɗauki launin busasshen kara. Bayan an sa ƙota an wasa, baduku ne ke ɗinka kube.