Kuɗin ƙofa: Me ya sa galarmu ba ta wuce dare ɗaya?

Tun 1997 ake nuna The Lion King, wasan dandamali mai waƙa da rawa, a birnin New York, kuma har gobe ana yankar tikitinsa. Zuwa 2014 ya tara sama da dala biliyan 6 a faɗin duniya, kuɗin da babu fim ɗin da ya taɓa samu a silima. Dabararsu ita ce maimaici: wasa ɗaya, sau takwas a mako, shekara da shekaru.

A Legas, Bolanle Austen-Peters ta gwada sa'arta da Saro a 2013, har ta kai Wakaa Landan a 2016.

To mu fa? A nan Goudji, Injamena, waƙoƙin Kannywood ba sa yankewa a shaguna da gidajen biki, wato 'yan kallo dai akwai su. Amma abin da na saba gani shi ne galar Sallah ta dare ɗaya. A karɓi kuɗin ƙofa, a biya hayar fili da man janareta, kowa ya kama gabansa. Yaron da ya shafe wata guda yana gwajin rawa kuwa, sai ya jira wata Sallar.