Kaka da Nana Ba Baƙi Ba Ne a Bakinmu

Daga Ɗambatta zuwa Bichi da Kunci, akwai maganar da ake yawan ji a bakin wasu 'yan'uwanmu masu karatu: wai sunayen da jikoki ke kiran kakanninsu mata da su duk aro ne. Nana daga Turawa, tunda haka yaran Ingila ke kiran kakarsu. Kaka da Dada kuma daga finafinan Indiya. Masu faɗar ba su da mugun nufi, kuma kunnensu bai yi ƙarya ba, kamannin suna nan. Sai dai kama da wane ba ta wane.

Mu fara da tarihi. An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1793, ta rasu a 1864. Turawa ba su ci Kano ba sai 1903. Ke nan ana cewa Nana a ƙasar nan tun kafin wani ya ji Turanci, balle a gina silima.

Sai ma'ana. Idan kalma ta yi ƙaura, galibi da kayanta take tafiya. Hajiya da Umma sun zo daga Larabci, Gwaggo daga Fulatanci, Anti da Momi daga Turanci, kowacce mun san hanyar da ta biyo. Amma a Indiya nana kaka namiji ne na wajen uwa, dada na wajen uba, kaka kuwa ɗan'uwan uba. A Swahili kaka yaya ne namiji. A Rasha baba tsohuwa ce. A ƙasar Jojiya uba ake kira mama. Wane irin aro ne zai riƙe sauti ya zubar da ma'ana a kowane zango?

Masana sun daɗe da gano dalili. George Murdock ya tattara sunayen uwa da uba daga ɗaruruwan al'ummomi a 1959, Roman Jakobson ya yi bayani a 1960: bakin jariri ne tushen. Yaro kan fara da gaɓa mai sauƙi yana maimaita ta, ma-ma, ba-ba, na-na, da-da, manya kuma su ɗauka su laƙaba wa wanda ke kusa da shi.

A ƙauyukanmu, inda gida ke jingine da gida, gona da gona, wa ya fi kaka kusa? Ɗakinta ake kai yaro yaye. Ita ke dama masa kunu, ta goya shi tana ɓarar gyaɗa, yayin da uwa ke kawar da kai don kunyar ɗan fari. Jika namiji angonta ne, mace kishiyarta, tsokana ba ta ƙarewa. Sau da yawa ma sunan da yaro ya ji ubansa na kiran ta da shi, Inna ko Iya, shi zai ɗauka har girmansa.

Abin da ya dame ni shi ne, wanda aka gaya wa nasa aro ne, ba ya jin ciwon yar da shi. Don haka ina roƙon malamai da iyaye: mu faɗi aro inda akwai aro, ba abin kunya ba ne. Amma Kaka, Nana da Dada namu ne, a tsakar gidajenmu suka girma, mu bar jikokinmu su gaje su.