Lissafin Ƙungiya: Na Littafi Daban, Na Allo Daban

Ran taron ƙungiyar manoma, wani ma'aji yakan miƙe ya yi ta karanta lissafi shafi bayan shafi. Kafin ya kai rabi an fara gyangyaɗi. Wani kuwa sai ya ce, "An samu riba," ya zauna. Daga nan zargi ke farawa, har ƙungiya ta watse.

Maganin abin, a raba lissafi gida biyu. A littafi, rubuta komai: rana, sunan kaya, yawansu, kuɗinsu, da wanda ya karɓa. Kada ka rubuta "gero 10" kawai. Buhu ne ko tiya? Babban buhu yakan ci tiya 40, ka ga ratar ba kaɗan ba ce. In a Ɓaɓura kake, inda ake ciniki da mutanen Nijar, nuna naira ce ko sefa. Kuɗin dako, la'adar dillali, da kuɗin mota daga Gwiwa ko Roni zuwa Kazaure, duk su shiga. Su ne ke cinye riba a ɓoye.

A allo kuwa, layi huɗu sun isa: abin da aka kashe, abin da aka sayar, bashin da ke waje, da kuɗin da ke hannu. Kada a haɗa bashi da kuɗin hannu, don bai shigo ba tukuna.

Sai a ajiye littafin kan tabarma gaban kowa. Wanda bai gamsu ba, ya buɗe shafin ya duba da kansa, tunda yanzu ya iya karatu.