Hakin mai wankin ƙoda: ba kullum ne ruwa ba

Mai karatu, idan a gidanku akwai mai wankin ƙoda, na san kai ne ɗan aike. Kai ke tsaida adaidaita sahu da sassafe, kai ke riƙe jakar magani, kai ke zaman benci awa huɗu kana danna waya. Ni ma aikina kenan tun bara da kawuna ya fara wankin. Gidanmu na Gwammaja, ba nisa da Gidan Mumbayya, kuma tsakaninmu da masallacin unguwa tafiya ce da yaro zai yi da gudu kafin a gama iƙama. Amma Kawu sai ya tsaya sau biyu a hanya, ya dafa bango yana haki.

Duk gidan mun ce ruwa ne, kuma da hujjarmu. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da ruwa da gishiri, sai su taru tsakanin wanki da wanki, ƙafa ta kumbura, wani lokacin ruwan ya hau har huhu. A ƙa'ida sau 3 ake wankin a mako, kowanne kimanin awa 4, amma kai ma ka san aljihu ke yanke hukunci a nan, da yawa sau biyu suke iyawa, wasu ma sau ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne washegarin wanki, an janye ruwan, kumburi ya saɓe, amma hakin na nan.

Wata likitar fisiyo ce ta warware min. Ta ce mutane na mantawa numfashi ma aikin tsoka ne. Ƙarƙashin huhu akwai wani faffaɗan tantani na tsoka da ya raba ƙirji da ciki, kamar ƙwarya a kife. Duk sanda ka ja numfashi, shi ke sauka ƙasa ya zuƙo iska, tsokokin tsakanin haƙarƙari na taya shi. To ciwon ƙoda yana cin tsoka. Dattin da ya taru a jini yana raunana ta, sha'awar abinci ta ragu, injin wankin kansa yana tafiya da wani abu na sinadarin gina jiki. Ga ƙarancin jini, don ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini. Sai kuma yawan kwanciya, mu kuma muna ta "sannu, ku huta". Ramar da kake gani a cinya da damtse, irinta na faruwa a wannan tantanin, ido ne kawai ba ya gani.

Kuma ba haki kaɗai ba ne matsalar. Mai raunin tsokar numfashi tarinsa ba shi da ƙarfi, majina ta zauna a ƙirji, ciwon huhu ya samu ƙofa. Ka haɗa da hazon hunturu, hayaƙin icen girki da na janareta, da turaren wutar da ake turnuƙe ɗakin mara lafiya da shi wai don kar baƙi su ji wari.

Labari mai daɗi shi ne tsoka tana jin horo. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, ana sa ta a baki, a toshe hanci, a ja numfashi. A cikinta akwai abin da ke tare iskar, sai ka yi da gaske take buɗewa, kamar ɗaga ƙarfe ne amma na ƙirji. Ana fara auna iyakar ƙarfin zuƙar mutum, sannan a saita ta daidai wani kaso na wannan ƙarfin, a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. An gwada wannan a kan masu wankin ƙoda, musamman a Brazil, wasu ma a kan kujerar wankin suke yi. An ga ƙarfin jan numfashi ya ƙaru, haka nisan da mutum ke iya takawa cikin minti 6, wanda shi ne awon da likitoci ke amfani da shi. Amma kar wani ya sayar maka da ita a matsayin maganin ƙoda. Ba ta gyara ƙoda, ba ta rage ko wanki ɗaya.

Mu ba mu samu na'urar ba tukuna, da hannu muka fara. Kawu ya zauna a jingine, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Ya ja iska ta hanci a hankali har cikin ya ɗaga hannun, ƙirjin bai motsa sosai ba, sannan ya tsuke leɓe ya fitar kamar mai hura kunu mai zafi. Kaɗan-kaɗan, safe da yamma, idan jiri ya zo a tsaya. Wannan bai kai na'urar ba, ita ma likitar ta faɗa, amma yana koya wa mutum numfashi mai zurfi maimakon na sama-sama. Ranar farko harara ya watso min.

"Kai ɗan nan, yanzu numfashin ma sai an koya min?"

"Kawu, ku dai gwada na mako biyu."

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Idan mara lafiyarka ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, ko ya farka cikin dare yana neman iska, ko tari na fito da kumfa, ko ƙirji na ciwo, wannan ba lokacin atisaye ba ne. Wataƙila ruwa ne a huhu, asibiti za ku tafi a daren, ba sai ranar wanki ba. Kuma ka sa ido a tukunya, don gishiri da dunƙulen miya su ke jawo ƙishirwa, ƙishirwa ta jawo ruwan.

Abin da ke ba ni mamaki, Kano ba baƙuwar harkar ƙoda ba ce. Tun 2002 aka yi dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Bayero na yaye likitocin fisiyo, ga Asibitin Ƙashi na Dala a maƙwabtanmu. Amma a tunanin yawancinmu fisiyo na mai karaya ne da mai shanyewar ɓarin jiki. A layin wanki na tambayi 'yan jinya irina, ban samu wanda ya taɓa jin wannan zancen ba. Don haka ranar ganin likita ta gaba, bayan an gama maganar awon jini da kuɗi, ka tambaya ko za a iya tura ku sashen fisiyo a auna numfashin. Kar ka fara komai sai likitansa ya amince, musamman idan akwai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba.

Kawu dai har yanzu yana tsayawa a hanyar masallaci, amma sau ɗaya, wajen mai shayi. Shi ya ce gaisawa kawai yake tsayawa yi.