Ko Kun Sani? Kunkuru na riƙe darasi har shekara 9

Ko da yake an daɗe ana ɗaukar dabbobi masu jan ciki a matsayin marasa kaifin ƙwaƙwalwa, masu kiwonsu suna koyar da su ta hanyar horon bin alama, wato a ɗaura ƙwallo mai launi a bakin sanda, duk lokacin da dabbar ta taɓa shi da hanci ko ta cije shi sai a miƙa mata ɗan abinci nan take. Gaggawar ladan ita ce ƙashin bayan aikin, domin idan aka yi jinkiri dabbar ba za ta danganta abincin da abin da ta aikata ba. Haka kuma, tunda ɗumin jikinta ya dogara ne da na muhallinta, horon ya fi armashi bayan ta sha hantsi, kuma kafin cikinta ya cika.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, an yi amfani da wannan dabara wajen horar da manyan kunkuran tsibiran Galafagos da Aldabra a gidajen namun daji na biranen Biyenna da Zurik, inda aka riƙa saka musu da irin su karas, har suka iya zaɓar launin da aka koya musu daga cikin wasu launuka. Uku daga cikin na Biyenna sun tuna darasin bin alamar bayan shekara 9.

Amfanin wannan dabara ba ƙarami ba ne, domin da ita ake jagorantar dabba mai nauyi ta hau sikeli da ƙafarta, ko ta tsaya likita ya duba ta, ba tare da an danne ta ba.